Tatsuniyoyin Indiya: na fada, na madafa, da wanda ya riƙe alƙalami

A gaɓar wani kogi akwai bishiyar jamun, mai baƙaƙen 'ya'ya masu zaƙi, kusan kamar ɗinya. Wani biri ne a kanta, kullum yana jefo wa kada 'ya'yan, har suka ƙulla abota. Kada ya riƙa kai wa matarsa tsaraba. Da ta ɗanɗana sai ta ce wanda yake cin wannan abu dare da rana ai zuciyarsa ta fi zuma, ita zuciyar take so. Kada ya goya biri wai za a je gaida iyali, sai da suka kai tsakiyar ruwa ya faɗa masa gaskiya. Biri ya ce, "Haba aboki, ai da ka faɗa tun muna tudu. A kan bishiya na baro ta, mu koma in ɗauko." Suna isa gaɓa ya yi tsalle ya ɗare reshe, abota ta ƙare.

Haka labarin yake a littafin Pancatantra na Sanskirit, tsohon harshen adabin Indiya. A Jataka, tarin labarai 547 na mabiya Buddha, birin nan Buddha ne da kansa a wata rayuwa da suka ce ya taɓa yi. A Kalila wa Dimna na Larabci babu kada, kunkurun ruwa ne, bishiyar kuma ɓaure ce. A gaɓar Afirka ta Gabas, cikin tatsuniyoyin Suwahili, kifin shak ne ya goya birin. Ƙashin labarin ɗaya ne, amma ko'ina ya sauka sai an sake masa dabba da itace da dalili. Wannan ne ya sa mai cewa "tatsuniyoyin Indiya" yake bukatar a tambaye shi: wace Indiyar, a bakin wa, da wane harshe?

Waɗanda duniya ta fi sani su ne rubutattun, kuma tafiyarsu sananniya ce. Masana suna sanya rubuta Pancatantra tsakanin shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa da ta 300 bayanta. Wajen 570 wani likitan fadar Kisra Anushirwan mai suna Burzoye ya mayar da shi Farisanci na da. Wajen 750 Ibn al-Muƙaffa ya juya shi zuwa Larabci, diloli biyu na cikin littafin, Karataka da Damanaka, suka zama Kalila da Dimna. Daga Larabci ya shiga Ibrananci da Latin da harsunan Turai, har marubucin tatsuniyoyi La Fontaine na Faransa ya faɗa da bakinsa a 1678 cewa ya ci bashin wani mai hikima Ba'indiye. A 1859 Bajamushe Theodor Benfey ya zarce da abin, ya ce akasarin tatsuniyoyin Turai daga Indiya suka fito. Yau ba a karɓar wannan magana yadda ya faɗe ta. Abin da Indiya ta riga wasu shi ne rubutawa da wuri, kuma wanda ya fara rubuta labari ba lalle ne shi ya ƙage shi ba.

To amma a dubi littattafan nan da kyau, kusan duk na manya ne. Pancatantra ya buɗe da wani sarki mai 'ya'ya uku daƙiƙai, aka danƙa su ga tsohon malami Vishnu Sharma, ya yi alkawarin koya musu dabarun mulki cikin wata shida. Shi ya sa darussansa ba na ladabi da biyayya ba ne kamar yadda ake sayar wa yara a yau. Sashen farko gaba ɗaya a kan yadda dila ya raba zaki da amininsa bijimi ne, ya yi ta kai gulma nan da can har zaki ya kashe bijimin, dila kuma ya samu muƙami. Ba a hukunta shi ba. Sai a Larabcin ne aka ƙara babi guda aka gurfanar da Dimna gaban shari'a, domin masu karatu na can ba za su haɗiye makirci ya ci riba haka kawai ba. Kathasaritsagara, wanda Somadeva ya tsara a Kashmir a ƙarni na 11 cikin baitoci sama da 20,000, don sarauniya Suryamati aka yi shi. Jataka kuwa kayan wa'azin sufayen Buddha ne. Kowannensu ya ɗebo daga bakin talakawa ya lanƙwasa zuwa bukatarsa.

Mu ma a nan mun ga irin wannan lanƙwasawa. Akwai wani littafin Sanskirit, Shukasaptati, labarai 70 na aku. Ɗan kasuwa ya yi tafiya, matarsa tana son fita wajen kwarto, aku yana tsare ta da labari kowane dare har gari ya waye. Farisawa suka mayar da shi Tutinama. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, zai gane dabarar: aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. An cire matar aure da kwartonta, an sa ɗan sarki da yaƙi, labari ya shiga aji ba tare da kowa ya ɗaure fuska ba.

Sai dai Indiyar da ke ba da tatsuniya da baki ba ta jin Sanskirit. Ƙidayar 2011 ta lissafa harsuna 121 da kowanne yake da masu magana 10,000 ko fiye, 22 daga ciki ne tsarin mulki ya amince da su. Kuma iyakar tatsuniya ba ta bin iyakar jiha. Komal Kothari, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin al'adun Rajastan, ya raba yankin ne bisa hatsi: ƙasar gero, ƙasar dawa, ƙasar masara. Hujjarsa ita ce abin da ake nomawa shi ke nuna yawan ruwa da irin dabbar da ake kiwo da lokacin da mutane suke samun sarari, waɗannan kuma su ke yanke irin waƙa da labarin da za su rayu a wurin. A ganina wannan ya fi kowace taswirar gwamnati bayyana abin da ake nufi da "yanki". A tsaunukan Meghalaya, inda ruwan sama ya fi kusan ko'ina a duniya, labarin mutanen Khasi manne yake da ƙasar kanta. Kusa da garin Sohra akwai wani dogon magangarin ruwa da ake kira Nohkalikai. Sun ce wata mata ce, Likai, ta sake aure tana da jaririya. Sabon mijin ya ji kishin yarinyar, ya kashe ta ya dafa, uwar ta dawo daga dako a gajiye ta ci ba ta sani ba, sai da ta ga 'yan yatsu a kwandon goron taunawarsu. Ta ruga ta faɗa daga kan dutsen. Irin wannan labari ba ya tafiya kamar na biri, don in an ɗauke shi daga dutsen an rage masa rabi.

Akwai kuma waɗanda suke tafiya amma kowane yanki ya ba su ubangida nasa. A arewa mai wayon fada shi ne Birbal, na sarki Akbar. A kudu Tenali Rama ne, na Krishnadevaraya wanda ya mulki Vijayanagara daga 1509 zuwa 1529. A Bengal Gopal Bhar ne, na sarkin Krishnanagar a ƙarni na 18. A Mithila, kan iyakar Indiya da Nepal, Gonu Jha. Sanannen labarin Birbal shi ne na talakan da ya kwana tsaye cikin tafki a tsananin sanyi don a ba shi lada, aka hana shi wai ya ji ɗumin wata fitila da ya hango daga nesa. Birbal ya ƙi zuwa fada, ya ce yana dafa shinkafa da wake. Da sarki ya je sai ya tarar an rataye tukunya can sama, wuta tana ƙasa. Wannan labari har a Turkiyya ana ba da shi da sunan Nasruddin. Birbal na tarihi, mai suna Mahesh Das, mutum ne na gaske, an kashe shi a yaƙi da ƙabilar Yusufzai a 1586, yawancin labaran kuwa bayan ransa da daɗewa aka rataya masa su. Abin da talaka yake nema a nan a fili yake: mutum ɗaya da zai kunyata sarki a gaban jama'a ya kuma kwana da kansa a wuyansa.

Inda al'amarin ya fi nauyi shi ne tatsuniyoyin mata, kuma wanda ya fi kowa jawo hankali gare su shi ne A. K. Ramanujan, ɗan Maisur da ya koyar a jami'ar Chicago ya rasu a 1993. Ya shafe shekaru yana tattara tatsuniyoyin harshen Kannada, a 1991 kuma ya fitar da tarin labarai daga harsuna 22. Ya lura cewa a gidajen kudu ba lokacin barci aka fi ba da tatsuniya ba, lokacin cin abinci ne, inna ko goggo tana dunƙula shinkafa tana sa wa yara a hannu. Ya kuma lura da wani bambanci da ke sauya yadda ake karanta komai. A labarin namiji, yaro yana barin gida, ya kashe dodo, ya samo gimbiya, a ɗaura aure, ƙurunƙus. A labarin mace aure ba ƙarshe ba ne, daga nan wahala take farawa, tunda amarya ce ake kai wa gidan da ba ta san kowa ba, ga uwar miji, ga ƙannen miji.

Ga ɗaya. Wata matalauciya tana da 'ya'ya mata biyu. Ƙaramar tana da baiwa: in yayarta ta zuba mata tulun ruwa ɗaya sai ta zama bishiya mai furanni, a tsinki furannin a hankali ba tare da an karya reshe ba, a zuba tulu na biyu ta koma mutum. Suna sayar da furannin su taimaki uwarsu. Ɗan sarki ya gano, ya aure ta. Wata rana ƙanwarsa ta ja ta zuwa lambu tare da ƙawayenta, suka tilasta mata ta rikiɗa, suka yi ta fizgar furanni suna karya rassa, hadari ya taso suka watsa mata ruwa sama-sama suka gudu. Ta dawo mutum amma babu hannu babu ƙafa, dungu kawai, ruwa ya ja ta cikin kwata. Sai bayan doguwar wahala mijin ya same ta, ya zuba ruwa, ya ɗaure kowane karyayyen reshe a wurinsa, sannan ta dawo daidai. Ba sai an yi wa kowace mace fassarar wannan ba. Yarinyar da take saurare tana jin abin da ake gaya mata game da jikinta da waɗanda za su taɓa shi, alhali ba a ambaci komai da sunansa ba.

A Assam, can arewa maso gabas, akwai Tejimola. Ubanta fatake ne, ya tafi ya bar ta da kishiyar uwa, wadda ta sa ta gyara shinkafa a turmin da ake dakawa da ƙafa, ta daka hannunta, ta daka ƙafarta, ta daka kanta. Inda aka binne ta duma ya tsiro, aka tumɓuke. Lemo ya tsiro, aka sare aka jefa a kogi. Ta fito a matsayin furen bado, uban yana dawowa cikin jirgi ya miƙa hannu zai tsinka, furen ya yi masa waƙa ya ce shi 'yarsa ce. Mai tatsuniyar Hausa ba zai ji baƙunta a nan ba, marainiya da kishiyar uwa da waƙar da ke tona asiri duk namu ne, ba tare da wani ya ara daga wani ba. Gidan da aka tara mata da 'ya'yan da ba nasu ba yakan haifi irin labarinsa.

Har tatsuniya a kan tatsuniya suna da ita. Wata matar aure ta san labari ɗaya da waƙa ɗaya, ta ƙi faɗa wa kowa. Suka gaji da ɗauri, wata rana tana barci baki buɗe suka fice, labarin ya zama takalmin namiji a bakin ƙofa, waƙar ta zama riga a rataye. Miji ya dawo ya gani, rigima ta kaure, ya yi fushi ya tafi ɗakin bauta ya kwana. A can ne harsunan fitilun garin suke taruwa hira bayan an kashe su, ya ji fitilar gidansa tana ba da bayanin abin da ya faru. Da safe ya tambayi matar labarin da waƙar, ta ce wane labari, wace waƙa? Sun tafi ke nan. A wata kuma, tsohuwar da 'ya'yanta da surukanta suke gallaza wa ta yi ta kumbura don ba ta da wanda za ta gaya wa, har ta shiga wani kango ta gaya wa bango ɗaya, ya rushe, ta rage nauyi, ta bi sauran ukun haka. Mutanen da suka ƙagi waɗannan ba su ɗauki tatsuniya abin wasan yara ba.

Ban da na cikin gida akwai na dandali, wanda sana'a ce ta gado. A Rajastan mawaƙin da ake kira bhopa yana yawo da wani zane mai tsawon ƙafa 15 da aka zana tarihin Pabuji a kai, jarumin ƙarni na 14 da makiyayan raƙuma na Rabari suke bauta wa. Da dare ake warware zanen. Bhopa yana goga wani kayan kiɗa mai kama da goge yana waƙa, matarsa tana riƙe da fitila tana haska wurin da labari ya kai, ita ce kuma take ɗaga murya a yawancin baitocin. Sukan kira shi ne in raƙuma sun kamu da ciwo ko an yi bakance, ba don nishaɗi kawai ba. In zanen ya tsufa ba a yar da shi, akan kai shi tafkin Pushkar a nutsar. A Bengal ta Yamma masu irin wannan sana'a ta zane da waƙa, patua, da yawansu Musulmi ne, amma labaran allolin Hindu suke rerawa. Wannan kaɗai ya isa ya rikita mai son raba tatsuniyoyin ƙasar gida biyu bisa addini.

Yadda duk wannan ya shiga takarda shi ne ɓangaren da ya kamata a yi wa kallon tsanaki. Turawan mulki ne suka fara, kamar yadda Frank Edgar ya tattara na Hausa tsakanin 1911 da 1913. A 1868 Mary Frere, 'yar gwamnan Bombay, ta buga labaran da mai renonta Anna Liberata de Souza ta ba ta. Ta yi adalcin ambaton sunan matar har da tarihinta, abin da yawancin na bayanta ba su yi ba, amma sunan da ke bangon littafi na 'yar gwamna ne. Irin waɗannan masu tattarawa sun rubuta ne don yaran Ingila, duk abin da ya shafi jiki ko batsa ko zagin manya sai a share. Bayansu 'yan kishin ƙasa suka karɓa. A 1907, shekara biyu bayan Turawa sun raba Bengal, Dakshinaranjan Mitra Majumdar ya fitar da Thakurmar Jhuli, wato Jakar Kaka, shahararren marubucin Bengal Tagore ya rubuta gabatarwa yana kukan cewa hatta tatsuniyar kaka ta koma zuwa daga masana'antun Manchester. A 1911 Lakshminath Bezbaroa ya yi wa Assam irin wannan, cikinsa ne Tejimola ta shiga littafi. Su kuma nasu burin shi ne gina al'umma, sai kaka ta zama alamar ƙasa, aka gyara mata harshe ya dace da makaranta.

Misali ɗaya ya nuna yadda alƙalami ke juya labari. Akwai tatsuniyar fatalwar da ta ɗauki kamannin miji bayan ya yi doguwar tafiya, ta zauna da matarsa. Da mijin gaskiya ya dawo aka rasa mai raba gardama, sai wani makiyayi ya ce duk wanda ya iya shiga cikin wannan ɗan abu shi ne mai gida. Fatalwa ta shige, aka toshe. A littafin Lal Behari Day na 1883, daga Bengal, kwalba ce, kuma damuwar labarin ita ce bawan Allah ya karɓi gidansa. Vijaydan Detha na ƙauyen Borunda a Rajastan, wanda ya ji labarai daga matan ƙauyensu ya cika juzu'i 14 da su, ya ba da shi daban. A nasa salka ce, fatalwar ta gaya wa amarya gaskiya tun daren farko, ita kuma ta yarda, domin mijin ya bar ta kwana kaɗan bayan biki ya tafi neman kuɗi na shekara biyar. Ranar shari'a an tambayi kowa ban da ita. Detha bai ɓoye cewa yana sa hannunsa a cikin abin da ya ji ba, ni kuwa ina ganin hakan ya fi gaskiya a kan masu cewa sun kwafo daga bakin tsohuwa ba ƙari ba ragi. Mani Kaul ya mayar da labarin fim a 1973. A 2005 aka sake yin sa da Shah Rukh Khan da sunan Paheli, aka sauya ƙarshen, fatalwa ta shiga jikin miji don masu kallo su fita suna murna.

Ana yawan cewa waya da talabijin ne suke kashe tatsuniya. A Indiya abin ya ɗan fi haka sarƙaƙiya, don kafofin zamani sun yaɗa ta ne fiye da da. Mujallar Chandamama da aka fara a 1947 ta yi shekaru tana buga labaran sarki Vikram da fatalwar da yake saɓawa a kafaɗa. Anant Pai ya kafa Amar Chitra Katha a 1967, littattafan zane da suka shiga miliyoyin gidaje. Gidan talabijin na gwamnati ya nuna Vikram a tsakiyar shekarun 1980. Ɓarnar ita ce duk inda sigar bugawa ta isa sai ta zama "ta daidai", yaro ya gyara wa kakarsa labari. An kuma daɗe ana sukar zanen da cewa jarumai farare ne, miyagu baƙaƙe. Birbal da dabbobin Pancatantra sun cika kasuwa da Hindi da Ingilishi, labarin matar da ta zama bishiya kuwa ba ya shiga littafin 'yan firamare.

Ƙarƙashin wannan duka akwai maganar harshe. A Janairun 2010 wata tsohuwa, Boa Sr, ta rasu a tsibiran Andaman, ita ce ta ƙarshe da ke jin harshen Bo, abin da ya saura na waƙoƙinta da labaranta shi ne wanda masaniyar harshe Anvita Abbi ta naɗa. Wannan ƙaramin harshe ne. Amma manya ma suna da tasu matsalar: ƙidaya tana zuba Bhojpuri, mai masu magana sama da miliyan 50, da Rajastani da Chattisgari duk a ƙarƙashin Hindi, makaranta kuma da Hindin littafi take koyarwa. Detha ya zaɓi ya yi rubutu da Rajastani, cibiyar adabi ta ƙasa ta ba shi lambar yabo a kansa a 1974, majalisar jihar ta zartar da ƙuduri a 2003 tana neman a sa harshen cikin jerin tsarin mulki. Ya rasu a 2013 ba a sa ba, kuma akasarin 'yan ƙasarsa da suka san labarin amarya da fatalwa ta fassarar Hindi ko ta fim suka san shi.